Dare 19 a cikin mota: yadda na koyi kwana da jakar ruwan zafi

Aiki ne ya kai ni wani wuri mai nisa da gida a tsakiyar lokacin sanyi, aikin da aka ce min na kwana 5 ne ya koma na kusan mako 3. Masaukin da ke kusa ya cika, wanda ke da ɗaki kuwa tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce, ga shi tun kafin gari ya waye ake kama aiki. Sai na ce ai motata doguwa ce, in na kwantar da kujerun baya zan miƙe har da saura, to mene ne abin wahala? Na samu mai gadin filin da ake ajiye motoci na gaya masa abin da nake so. Ya ce shi ba shi da ikon cewa e ko a'a, sai na ga manaja. Na jira manaja sa'a 2. Da ya zo ya duba katin aikina da takardun mota, ya rubuta lambar motar a littafinsu, ya ce in dai ba zan kunna wuta kusa da motocin mutane ba, babu damuwa. Na fara da wannan ne don mutane kan manta da shi. Kafin ka yi tunanin sanyi ka tabbata an yarda ka kwana inda ka tsaya, domin ba kowane wuri ne doka ta amince da hakan ba, kuma babu abin da ke watsa ɗumin da ka tara kamar a ƙwanƙwasa maka gilashi ƙarfe 2 na dare a ce ka fito.

Daren farko na shiga da bargo 2 da rigar sanyi mai kauri, ina ganin na gama shiri. Har wajen 12 lafiya lau nake, don motar tana riƙe da ɗumin rana. Ƙarfe 1 na farka, kuma abin mamaki ba ta sama sanyin ya zo min ba, ta ƙarƙashina ya zo, kamar na kwanta a kan dutse. Ƙafafuna suka sandare, na yi ta murza su ba su san ina yi ba. Ina da ɗan ma'aunin zafi da na rataye a madubi, wajen ƙarfe 4 ya nuna digiri 3, a cikin motar ke nan ba a waje ba. A nan na gane mota ba ɗaki ba ce. Ƙarfe ne siriri da gilashi, ba abin da suke riƙewa, duk abin da ke waje in an jima kaɗan shi ne a ciki. Abin da kowa zai yi shi na yi: na tayar da inji, na kunna hita minti 15, na kashe. Kafin minti 20 sanyin ya dawo kamar ba a taɓa korarsa ba. Sau 4 na yi haka. Na wayi gari kaina na sarawa, gilasan motar sharkaf da ruwa ta ciki, bargon sama ma ya yi danshi.

Ina tsaye ina goge gilashi sai wani dattijo, direban babbar mota da ke jiran lodi a gefen filin, ya matso ya ce, "Yaro, kai ne kake ta tayar da inji cikin dare?" Na ce, "Ni ne Baba, sanyi ne ya hana ni sakat." Ya ce, "To ka daina. Sanyi tashinka zai yi, wannan hayaƙin kuwa kwantar da kai zai yi." Ya zagaya bayan motata ya nuna min yadda na ja ta har ta kusa taɓa katanga, salansa tana kallon bango. Daga baya na karanta na fahimci abin da yake nufi. A hayaƙin inji akwai iskar da ake kira kabon monoksayid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sama da sau 200. In salansa ta huje, ko wani abu ya tare bakinta, bango ne ko ciyawa ko ƙanƙara, sai iskar ta sulalo cikin mota. Alamarta ta farko ciwon kai da jiri da kasala, wato daidai abin da mai barci ba zai lura da shi ba. Baba ya hau motarsa ya sauko da wata jakar roba mai faɗi, an saka ta cikin tsohuwar hular ulu, ya ce shekara da shekaru da wannan yake kwana a hanya.

Ban saya a ranar ba, taurin kai ya hana. Na ce ai ruwan zafi ne a cikin mazubi, kowane mazubi ma zai yi. Na roƙi mai gadi ya tafasa min ruwa na ɗura a robar ruwan sha, irin marar kaurin nan da ake sha a yar. A hannuna ta lanƙwashe ta tsuke, ruwan ya tumbatso ta baki, Allah ne ya sa ban ƙone ba. Irin wannan robar tun daga wajen digiri 70 take fara laushi, ba a yi ta don zafi ba. Na kwana dare na biyu ina rawar ɗari. Washegari na je na sayo ta gaske. Iri biyu na tarar, mai riga da marar riga, dukkansu lita 2. Na ɗauki marar riga don ta fi araha, na haɗa da wata 'yar butar lantarki da ake sakawa a ramin cajin mota, ina murna na huta da roƙon mai gadi.

Butar nan ita ce kuskurena na gaba. Ramin cajin mota wuta kaɗan yake bayarwa, wajen wat 120 zuwa 180, alhali butar lantarki ta gida takan kai wat 2000. Abin da ta gida za ta yi cikin minti 4 sai wannan ta share fiye da rabin sa'a tana yi, ga cikinta bai kai lita ɗaya ba, sai an ɗora sau biyu, kafin na biyu ya yi zafi na farko ya huce. Na zauna cikin duhu fiye da sa'a ɗaya ina jira, inji a kashe tunda an hana ni tayarwa. Ruwan ya yi ɗumi dai, na samu barcin sa'a 3, wanda a lokacin ya zame min kamar kyauta. Da safe na murɗa makulli, mota ta yi ƙyar-ƙyar ta yi shiru. Batirin dama ya kwana biyu, sanyi kuma rage wa batir ƙarfi yake, ni kuma na zuƙe ɗan abin da ya rage. Baba ne ya zo da wayoyi ya haɗa min, bai ce komai ba, dariya kawai ya yi. Daga ranar na ajiye butar, sai in ina cikin tafiya inji na aiki nake ɗora ta. Na sayi ƙaramin risho mai gwangwanin gas, na koma wurin manaja, ya nuna min wani lungu a ƙarshen filin nesa da motoci ya ce a can zan riƙa kunnawa. Da bai faɗa ba ma, a cikin mota ba a kunna risho, ko da an sauke gilashi, don shi ma wannan iskar yake fitarwa, ga haɗarin gobara tsakanin barguna.

Dare na 5 shi ne wanda ya sa nake wannan rubutu. Na tafasa ruwa yana ɓararraka, na ɗura shi kai tsaye har wuya, na ɗaure murfi. Jakar ta kumbura tim, ba ta taɓuwa. Na bar ta cikin bargo ta ɗan huce, da na ji hannu yana iya jure ta sai na tura ta ƙasa, na jingina ƙwaurina da ita ta saman wando marar kauri. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ga gajiyar kwana 4 ba barci, na yi barcin da ko juyi ban yi ba har asuba. Da na tashi sai na ga wani jan tabo a ƙwauri kamar faɗin kwabo, ba zafi sosai, ɗan ƙaiƙayi kawai. Na ce kwanciya ce. Zuwa yamma ya tashi bororo, kwana biyu bayan haka tsakiyarsa ya yi fari-fari, gefen ya yi ja ya kumbura. A nan na nemi asibiti mafi kusa. Na yanki kati, na zauna layi wajen sa'a 2 da rabi, sannan aka kira ni ɗakin wanke ciwo. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ta ce, "Malam, jakar ruwan zafi ce ko?" Na ce yaya aka yi ta sani. Ta ce duk lokacin sanyi sai sun ga irinsa, kuma kusan kullum a ƙwauri ko idon sawu, inda fata ke manne da ƙashi.

Bayanin da ta yi min shi ne ya juya min tunani gaba ɗaya. Ni a zatona ƙuna sai da tafasasshen ruwa, abin da za ka ji ka yi tsalle. Ashe akwai ƙunar da ɗumi ke yi a hankali. Ruwa mai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙoƙi yake ƙona fata, wannan kowa zai ji ya janye. Amma abu mai digiri 44 kacal, wanda hannu zai ce ɗumi ne mai daɗi, in ya zauna a wuri ɗaya wajen sa'a 6 shi ma sai ya dafa naman, kuma da yake a hankali yake shiga yakan yi zurfi fiye da yadda ido ke gani a sama. Nauyin ƙafa a kan jakar yana ƙara ɓarna, don yana danne jijiyoyin jinin da ya kamata su kwashe zafin su rarraba shi. Ta ce da na gan shi da safen nan, da ruwa mai sanyi zan sakar masa minti 20, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba man goge haƙori ba, kuma kada a fasa bororon. Ta tambaye ni ko ina da ciwon suga, na ce a'a. Ta ce masu shi ne suka fi ba su tsoro, don da yawansu ƙafafunsu ba sa jin zafi yadda ya kamata. Aka wanke aka naɗe, aka ce in riƙa dawowa duk bayan kwana 3. Abin da na kashe a bandeji da magani ya ninka bambancin da ke tsakanin jaka mai riga da marar riga sau da yawa. Sai da ciwon ya yi mako 5 kafin ya rufe.

Na dawo na zauna da Baba na ce ya koya min daga farko, kamar wanda bai taɓa gani ba. Ya ce, "Yanzu ka zo." Ga yadda yake yi, kuma haka na yi har na gama kwanakina. Ba a zuba tafasasshen ruwa, yana cin robar kuma yana sa ɗinkinta ya saki. Yakan sirka kashi 2 na tafasasshe da kashi 1 na mai sanyi, wanda in ka lissafa yakan ba ka wajen digiri 70, kafin a gama ɗurawa ya ƙara sauka. A riƙe jakar ta wuya a tsaye, nesa da jiki, a zuba a hankali, in da mazurari ya fi, musamman cikin duhu da hannu mai karkarwa. Ba a cikawa, kashi 2 cikin 3 ya isa. Sai a kwantar da gindinta a kan wani abu mai faɗi a hankali har ruwan ya leƙo wuya, iska ta fita, sannan a ɗaure murfi. Iskar da aka bari a ciki ita ce ke sa ta kumbura, in an danne ta sai ta nemi hanyar fita ta ɗinki ko ta murfi. A goge ruwan da ya taru a bakin, a kifa ta a girgiza a gani ko tana ɗiga. Sannan riga. Ni na sa tawa cikin safar ulu mai kauri, na ƙara naɗe ta da tawul. Farko na ji haushi, don sai na ga kamar an toshe zafin. Ashe abin da ake so ke nan: maimakon ta zubar da zafinta duka cikin sa'a 2, sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har tsakiyar dare.

Wani dare ina kwance na yi lissafin da ya ba ni dariya. Ruwa na cikin abubuwan da suka fi riƙe zafi, shi ya sa ake amfani da shi ba yashi ko ƙarfe ba. Amma duk da haka, lita 1.3 da ya sauko daga digiri 70 zuwa 35, zafin da ya bayar gaba ɗaya bai wuce wanda jikina da kansa yake fitarwa cikin minti 40 ba, don jikin babban mutum yana kwance yana ba da zafi kamar ƙwan lantarki mai wat 80. Wato babbar hitar da ke cikin motar ni ne, ba jakar ba. Ita ba za ta taɓa ɗumama mota ba, ko jaka 5 ka jera a kan kujera ma'aunin zafi ba zai motsa ba. Aikinta biyu ne. Ta ɗumama shimfiɗa kafin ka shiga, don kada jikinka ya ɓata sa'ar farko yana yaƙi da bargo mai sanyi. Sannan ta kai ɗumi inda jiki ya janye nasa, don in sanyi ya yi jiki yakan tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa ya tattara jini a ciki, kuma mai sanyin ƙafa ba ya samun barci da wuri. Da na gane haka sai na daina neman ƙarin zafi, na koma neman inda zafin ke zurarewa.

Ta ƙasa yake zurarewa, kamar yadda daren farko ya nuna min ban gane ba. Bargon da ka kwanta a kai nauyinka ya matse shi, iskar da ke cikinsa ta fita, kuma iskar nan ita ce ke tare sanyi ba zaren ba. Na samo kwalaye na shimfiɗa biyu-biyu, na ɗora 'yar katifar soso, sannan bargo ɗaya. Wannan kaɗai ya fi ƙarin bargo 2 a sama amfani. Na yanka wasu kwalayen daidai tagogi na toshe, na sa abin tare rana mai ƙyalli a gilashin gaba, don daren da sama ta yi tas babu gajimare ta gilashi zafi ya fi gudu. Na rataya zane tsakanin kujerun gaba da inda nake kwance don wurin ya ƙanƙance. Amma na bar gilashi biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, a sauke kamar kaurin yatsa. Wannan ya yi min wuyar yarda, ana sanyi a ce ka buɗe taga. Sai dai numfashin mutum tururi ne, in bai samu hanya ba a gilashi da rufi zai taru ya ɗigo, bargo ya jiƙe, jiƙaƙƙen bargo kuwa gara babu. Don haka ma na daina cusa kai cikin bargo, na koma sa hula, na kuma daina kwana da safar da na yini da ita, don ko ba ka ji ba akwai gumi a cikinta.

Daga dare na 9 tsarina ya zauna. Ƙarfe 9 na je lungun na dafa ruwa, na cika jaka biyu, don na ƙara sayen ɗaya, mai riga wannan karon. Na tura su cikin shimfiɗa, ɗaya wajen ƙafa ɗaya tsakiya, na rufe, na koma na dafa na biyu na cika filas. Shi filas sai an fara ɗauraye cikinsa da ruwan zafi an bar shi minti 5 an zubar, sannan a cika shi har baki a naɗe cikin riga. Bayan minti 20 na shiga. Kafin barci nakan rungume ɗaya a ciki ko in sa ta tsakanin cinyoyi ta saman tufafi na minti 10 ko 15, nan ne manyan hanyoyin jini suke, ɗumin yakan bazu da sauri. Da na ji barci ya fara ɗaukata sai in ture ta gefe, ta ƙafa kuma in tura ta can ƙarshen bargo inda sai na miƙa sawu zan taɓa ta. Ba a kwanciya a kanta, ba a ɗora mata ƙafa, ba a matse ta da bango. Wajen ƙarfe 3 da rabi nakan farka, lokacin jakunkunan sun zama ɗumi-ɗumi, sanyin kuma yana ƙara tsananta, don mafi munin sa gab da fitowar rana ne. Sai in kunna tocila, in zauna, in juye ruwan jaka ɗaya a galan, in ɗura na filas. Wannan ɗurin ba na yin sa a kan shimfiɗa, a ƙasa wajen ƙofa nake yi a cikin ɗan baho, don in ruwa ya zube a bargo daren ya ƙare. Minti 5 ne, amma shi ke kai ni asuba.

Dare na 14 sanyi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, kuma rishon ya ba ni kunya. Na kunna, wutar ta yi ƙasa-ƙasa kamar ta kyandir ta mutu, alhali gwangwanin da nauyinsa. Ashe gas ɗin da ke ciki, wanda ake kira butan, in sanyi ya kai wajen digiri 0 ba ya tashi ya zama iska, sai ya kwanta a ruwansa. Wanda aka gauraya da wani gas mai suna furofen shi ne ke jure sanyi, don shi furofen har digiri 42 ƙasa da sifili yana tashi, kuma a jikin gwangwanin ake rubutawa. A daren dai cikin rigata na sa gwangwanin minti 15 ya ɗauki ɗumin jiki sannan ya kama. Ba a kanga shi a wuta, ko kusa. Da asuba ma'aunin ya nuna digiri 4 ƙasa da sifili, numfashina ya daskare a gefen gilashi, amma na yi barcin sa'a 6. Tun daga ranar nake kwana da gwangwanin gas da wayata a cikin jakar kaya kusa da ni, galan ɗin ruwa ma na daina barinsa a waje, don narkar da ƙanƙara gas mai yawa yake ci.

Akwai abubuwan da da an gaya min tun farko da ban sha wahalar nan ba. Jakar tana tsufa ko ba a amfani da ita, kuma masu yinta sukan ce a canja duk shekara 2. A jikin da yawa daga cikinsu, kusa da wuya, akwai wani zane kamar fure: lambar tsakiya shekarar da aka yi ta ce, ganye 12 da ke kewaye watanni ne, ɗige-ɗigen ciki kuma makonni. Wasu za ka ga an rubuta BS 1970, ƙa'idar ingancin da Birtaniya ta gindaya wa irin waɗannan jakunkuna ke nan. Tawa ta farko da na duba, ta shekara 3 a ajiye kafin ma in saye ta. Ita jakar ruwan zafi ba sabon abu ba ce, tun 1903 wani injiniya a Zagreb ta Kuroshiya, Slavoljub Penkala, ya yi rajistar ta roba, a zamanin da kuwa da tulun yumɓu ko na ƙarfe ko gasasshen bulo ake ɗumama gado. In jakar ta gagara, gorar ƙarfe mai bango ɗaya da murfi mai kyau tana yi, amma sai an sa ta cikin safa biyu don ta fi roba ƙuna. Filas kuwa ba ya yi, tunda an yi shi ne don kada zafi ya fito. Jariri, da tsoho mai rauni, da mai ciwon suga, da wanda ya sha maganin barci, waɗannan a ɗumama musu shimfiɗa a cire jakar kafin su kwanta. Kuma in mutum yana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, maganarsa ta fara sarƙewa, ko karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, wannan ya wuce aikin jaka, a nemi ɗaki mai ɗumi da taimakon likita nan take.

Ruwan da ya kwana a jaka ba na sha ba ne, warin roba yake yi, amma ba na zubarwa. Shi nake sake dafawa da dare, da safe kuma da ɗan ɗuminsa nake wanke fuska. Da rana nakan juye jakunkunan in rataye su a kife, murfi a cire, inda rana ba ta dukansu kuma ba sa taɓa mai ko giris, don duka ukun suna cin roba. Kada a bar ruwa a ciki ya daskare. Duk bayan 'yan kwanaki nakan cika su da ruwan sanyi, in ɗora a kan busasshen ƙyalle in danna da tafin hannu, in lanƙwasa wuyan in duba ko ya fara tsattsagewa. A dare na 17 wannan gwajin ya kama ta farkon, marar rigar nan da na yi ta ɗura wa tafasasshen ruwa, tana tsattsafo da ruwa ta gefen wuya, ɗigon da ido ba zai gani ba sai a ƙyalle. Na sa almakashi na raba ta biyu kafin na jefa ta a shara, don kada wani ya tsince ta ya ga kamar lafiyayya ce. Sauran dare biyun da jaka ɗaya da filas na ƙarasa su.